Tawada a Hannun Dama

Jiya da hantsi na dawo daga kanti da shinkafa tiya ɗaya a ƙullin zane, da ɗigon tawada a bayan hannuna na dama. Shuɗiya ce mai duhu, irin wadda ake shafa wa mutane ranar zaɓe, tana da wani wari kamar na maganin miki a asibiti. Mai kantin nan na bakin kasuwar Shagari ne ya ɓullo da ita kwanan nan, wai don kada wanda ya karɓa ya zagaya ya sake shiga layi. Da ya dangwala mini, sanyin abin ya taɓa fatata, sai na tsaya cak a wurin. Matar da ke bayana har ta ture ni, ta ce in matsa mana, ko barci nake a tsaye. Ba barci nake ba. Bodinga na koma, gidan da aka haife ni, ina yarinya da kwano a hannu, ina kallon wani hannun da ba nawa ba.

Ka yi haƙuri da ni, mai karatu, ni ba gwanar jera magana ba ce. Yadda abin ya zo mini haka zan faɗa maka.

Gidanmu yana bayan tashar da ake hawa motar Sakkwato. Tun asuba muna jin 'yan kamasho suna kiran fasinja, warin albasa kuwa ba ya barin zauren, don Baba fataucinta yake yi zuwa kudu. A cikin gida akwai Inna, mahaifiyata, wadda ba ta taka ko bakin zaure sai da dalili mai ƙarfi, da Kaka, mahaifiyar Baba, wadda tsufa ya ba ta izinin zuwa ko'ina. Ungozoma ce. Rabin mutanen unguwar a hannunta suka faɗo, kuma ba ta barin ɗayansu ya manta.

Ɗakuna biyun da ke kusa da zaure an ba wasu mutanen Zuru haya. Kiristoci ne. Mijin ɗan sanda ne, an tura shi can wajen Kajiji, sai a yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Matar ce kullum a gida da 'ya'yanta biyu, namiji da 'yar mace tsarata. Su suna ce mata Mama, mu ma sai muka ɗauka, har Kaka in ta so zolaya sai ta ce Mama. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin hannu. Tana da wani farin ɗankwali da ba ta ɗaura shi sai ranar Lahadi, ranar Asabar za ta wanke shi ta sa masa bula ta shanya a igiyarmu. In tana daka tana waƙar coci da Hausa, a hankali, taɓarya na ba ta amshi. Da Kirsimeti Baba take kawo wa kazarta ya yanka, don mu ma mu ci. Da Babbar Sallah kuwa ni ake ba nata rabon nama in kai mata, ta ce in gaya wa Inna Allah ya maimaita. Ban taɓa jin an yi wata doguwar magana a kan wannan ba. Haka muka taso muka tarar.

Shekarar da nake ba ka labari, damina ta riga ta ci amanarmu tun bara. Ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke neman cika ido, aka yanko zangarniya marasa nauyi kamar an sussuke su tun a gona. Kafin bazara ta ƙare ruhewarmu, wato rumbun ƙasar da ke bayan ɗakin Kaka, in ka yi magana a cikinta sai muryarka ta dawo maka. Da sabuwar damina ta kama kuma sai ruwan ya zo da fushi, ya kwanta a kan shinkafar fadama har ta ruɓe. Baba ya tafi kudu, wannan karon ba da albasa ba, da ƙarfin jikinsa kawai. Ya bar Inna da tsohon ciki.

Ban manta ɗanɗanon watannin nan ba. Tafasa da safe, tafasa da yamma, har fitsarinmu ya koma warin ganye. Rama da ɗan ƙuli idan an samu. Dusar da muke ba tumaki aka fara tankaɗewa ana damawa. Tsakar gidan ta yi shiru, don babu abin dakawa, kuma gidan da ba a jin turmi a cikinsa ko da mutane a ciki kamar kango yake.

A cikin wannan shirun ne Mama ta fara lissafa alamu. Takan zauna a bakin ɗakin Kaka suna tsinkar ganye, ta ce a littafinsu an faɗi duk wannan tun da daɗewa. Yunwa wuri-wuri, yaƙi da labarin yaƙi, ƙaunar mutane ta yi sanyi, sannan Yesu Almasihu ya dawo, wanda mu muke ce wa Annabi Isa. Ta ce an faɗa lokaci zai zo da mutum zai yi aikin yini cur, ladansa bai wuce mudun hatsi ɗaya ba.

Kaka ta ce, "Wanga ai ba sai littahi ba, ɗiyar Zuru. Tahi Dingyaɗi ki tambayi masu ƙwadago, tun ina budurwa haka su kai."

Mama ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonta ba. Ni kuwa da nake gefe, duk dare in na kwanta sai in riƙa sauraron sama ko zan ji ta tsage.

Ana tsakiyar damina aka ce an kawo shinkafa mai rangwame, a wani babban kanti kusa da kasuwa za a riƙa sayarwa, ranar da mota ta zo kawai. Kowane gida tiya ɗaya, kuma ba a ba yara, sai babba. Ranar farko muka fita mu uku, Kaka da sandarta, Mama da kwanonta, ni ina riƙe da namu. Layin mata ya miƙe har gindin dogon yaron da ke bakin hanya. An yi yayyafi da safe, ƙasa ta yi laushi, kowa na warin jiƙaƙƙen zane. Ba a hira sosai. Ido kawai kowa ya zuba wa buhunan da ke bayan mai kanti, ana ƙirga su a zuci.

Sai da muka matso gaba muka ga yadda ake yi. Mai kantin, wani mai jiki da gemu ya fara furfura, yana da kwalbar tawada da ɗan tsinke mai auduga a kai. In an auna maka, sai ka miƙa hannun dama ya ɗiga a baya. Dama kawai, don kada wani ya zo da safe da wannan hannun ya dawo da rana da wancan. To, akwai wasu mata biyu a gabanmu da suka sha ƙunshi, lalle ya kama hannuwansu baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya duba, ya ga in ya ɗiga ba za ta fito ba. Sai ya yi dariya ya ce su sunkuyo, ya dangwala musu a goshi. Layi ya ɗauki dariya, su ma suna dariya suna jan gyale.

Na juya in yi dariya da Mama, sai na ga fuskarta ta zama toka. Da aka zo kanta, mai kanti ya tsoma tsinke ya ce, "Miƙo, matar ɗan sanda."

Ta ɓoye hannun a bayanta.

Ya ce, "In kina tsoron hannunki shi ɓaci, kawo goshin, duk ɗaya na a wurina."

Wallahi da zuciya ɗaya ya faɗa, wasa yake yi. Amma sai Mama ta ja da baya kamar an nuna mata wuƙa, ta taka ƙafar wata, ta fice daga layin ba ta ko waiwaya ba. Aka ɗiga wa Kaka, aka auna mana, muka bi ta. Sai kusa da gida muka cim mata, tana tsaye jikin wata katanga tana numfashi sama-sama.

A nan ta gaya wa Kaka. Ta ce tun tana ƙarama mahaifiyarta ta ja mata kunne a kan wannan. A ƙarshen zamani wata muguwar dabba za ta mallaki duniya, ba mai iya saye ko sayarwa sai wanda ya karɓi alamarta, kuma a wuri biyu ake sa alamar, a hannun dama ko a goshi. Wanda ya karɓa ya rabu da rahama ke nan har abada, ko da yunwa ce ta sa shi. Ta ce, "Kaka, kin ji da kunnenki. Hannu ko goshi. Wa ya gaya mashi? Shi ba ya karanta littahinmu."

Kaka ta dube ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce mu ma muna da namu Dujal ɗin, kuma ba ta taɓa jin an ce zai zo da kwalbar tawada yana sayar da shinkafa mai tsakuwa ba. Amma ta ga maganar ba ta shiga, sai ta ce, "To, mu tahi gida."

Ranar tiyarmu aka raba gida biyu. Washegari faston su Mama ya zo, wani siririn dattijo a kan keke. Na ji shi ta bayan labule yana ce mata tawada ce kawai, 'yar'uwa, ni ma ga tawa, ya nuna mata hannunsa. Ya karanta mata wasu wurare, ya yi addu'a, ya tafi. Da ya fita Mama ta zauna ta yi kuka, ta ce an faɗa har zaɓaɓɓu za a nemi ruɗarwa. Ka ga irin tsoron da uwa ta dasa maka kana ƙarami, ba kowane malami ke iya tuge shi ba. Ni ma akwai abubuwan da Inna ta hana ni da har yau ba na yi, ko da na ji an ce ba komai.

Tiya ɗaya ba ta riƙe gida biyu. 'Yar Mama, ƙawata, ta daina fitowa wasa, gashinta ya fara ja yana kakkaryewa. Da mota ta sake zuwa, Kaka ta ce in ɗauko kwanonmu in ɗauko na Mama. Muka shiga layi mu biyu. Da aka zo kanmu ta miƙa dama, aka ɗiga, aka auna. Sai ta jingine sandarta a teburin ta miƙa hagu.

Mai kanti ya ce, "Haba Inna, mi ke nan kuma?"

"Wanga nawa na, wanga na ɗiyar Zuru."

"Inna, doka ce. In na yi maki, kowa sai shi kawo hannu biyu."

Kaka ta ce, "Dube ni da kyau. Ranar da kaz zo duniya, da hannu ɗaya niy yanke maka cibi ko da biyu? Kana ta tsala ihu kamar ɗan akuya, uwarka ta suma, wa ya tsaya maka? Ɗiga, kada in hwaɗa ma mutanen ga sauran abin da na gani."

Layi ya fashe da dariya. Shi ma ya yi, yana girgiza kai, ya ce to kowa ya shaida, wannan na tsohuwa ne ita kaɗai, duk wadda ta yanke masa cibiya ta fito a yi mata. Ya ɗiga a hagun, ya auna tiya ta biyu.

Haka aka yi ta yi. Kaka na yawo da ɗigo biyu, kafin wannan ya gama dishewa an ɗora wani. Duk ranar da muka dawo Mama za ta tarbe mu a zaure, ta karɓi kwano, sannan ta kama hannun Kaka na hagu tana shafa masa man gyaɗa tana motsa baki. Ta ce tana tsoron ta jefa Kaka a halaka saboda cikin 'ya'yanta. Kaka ta ce, "Hannun da ya gama yamutsewa, dabbarki mi za ta yi da shi? Ko kura ba ta so nai." Waɗannan kwanakin su ne masu ɗan haske a cikin labarin nan. Waƙar Mama ma ta ɗan dawo.

Sai Inna ta haihu, namiji, ɗan ƙarami kamar a sa shi a ƙwarya. Kaka ce ta karɓi haihuwar, ita ce kuma ta ɗauki wahalar wankan jego, nemo itace jiƙaƙƙe, hura wuta cikin ruwan sama, ɗaukar tukunyar ruwan zafi safe da yamma. Ni na lura da abin da ba wanda ya lura. In an zuba mata abinci sai ta yi loma biyu ta ce haƙoranta na ciwo, ta tura wa Inna. Ana haka wata safiya ta kasa tashi. Zazzaɓi da tari, ƙirjinta na ƙara kamar ana jan busasshen kara a ƙasa.

Inna kuwa ƙafafunta sun kumbura, in ta miƙe sai jiri ya mayar da ita. Nono ya ƙafe. Jaririn da farko yana kuka da ƙarfi, daga baya kukan ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa, ya kama nono ya saki, ya kama ya saki. Shinkafar da ta rage a gidan duka, namu da na Mama, an dama ta ta ƙare.

Ranar da aka ce mota ta zo, ni kaɗai na fara zuwa da kwanoni biyu. Na yi layi har na kai gaba, mai kanti ya ce ba ya ba yara, ko jikar wa ce, in je in turo babba. Na dawo ina kuka. Kaka ta kira Mama daga kan shimfiɗarta, muryarta da ƙyar take fita. Ta ce, "Ɗiyar Zuru, dama kinka ce, ko ba haka ba? Dama da goshi. To tahi ki ba shi hagu. Ki ce ni na aiko ki. Abin da kinka samo mu raba."

Mama ta zauna a bakin ƙofa, hannuwanta a kan gwiwa tana kallonsu. Daga ɗakin Inna ana jiyo ɗan kukan nan. Can ta tashi ta shiga ɗakinta. Da ta fito farin ɗankwalin Lahadi ne a kanta, alhali ranar ba Lahadi ba ce. Ta ce in zo mu je. Ban san abin da ya sa na sake ɗaukar kwanonmu ba, ba wanda ya ce in ɗauka.

Layin ranar ya fi na kullum zafi, don an ce buhunan ba su da yawa. Da muka kai gaba Mama ta gaishe da mai kanti, ta gaya masa Kaka na kwance, ta ce a hagu za a sa mata. Ya ce Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya ɗiga a hagun. Ta runtse ido amma ta tsaya. Aka auna tiya ɗaya a kwanonta.

Ni ina gefe da namu, babu komai a ciki. Mama ta dube shi. Sai ta ce, "Saura na tsohuwa."

Ya ce, "Kawo ɗaya hannun."

"Ka auna hakanan, don Allah. Ka san gidan. Akwai mai jego."

Kafin ya buɗe baki layi ya ɗauka. Wata ta ce kowa ma da mai jego a gidansa. Wata ta ce an fara son kai ke nan, don matar ɗan sanda ce. Mai kanti ya rage murya ya ce mata, "Kin ji su. In na auna ba alama, yau sai an yayyaga kantin ga. Hannu biyun ma don darajar tsohuwa na. Ko ki miƙo, ko ki matsa."

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. A wurina ya yi tsawo ƙwarai. Ta dubi kwanon da ke hannuna, ta ɗaga kai ta dubi sama, gajimare ne kawai fari-fari. Sannan ta ajiye kwanonta a ƙasa, ta goge hannun dama a jikin zaninta kamar mai shirin gaisawa da babban mutum, ta miƙa. Ta tallafe shi da ɗayan. Mai kanti ya tsaya da tsinken a sama ya ce, "Kin tabbata?" Leɓɓanta ne kawai ke motsi. Ya ɗiga.

Ta tsaya ido a rufe kamar mai jiran duka. Ba abin da ya faru. Wani mai babur ya danna oda a bakin hanya, aka zuba shinkafa a kwanona, ta bayanmu ta ce mu ba mutane wuri.

Da muka isa gida ita ta hura wuta. Ta dafa shinkafar ta yi laushi sosai, ta dama ta kamar kunu, ta kai wa Inna, ta tallafi kan Kaka ta ba ta da ludayi, ta zuba mana mu yara. Ita ba ta ci ba. Da la'asar na same ta a bayan ɗaki, wurin wanka, ta tara toka da sabulun salo da dutsen goge kaushi. Ta ce in riƙa zuba mata ruwa. Hagun ba ta ko kula shi ba. Daman take gurza, tana gurza, ruwan na sauka shuɗi-shuɗi, daga baya ya koma ja. Na ce Mama jini. Ta ce zuba. Da fatar ta saluɓe ta kalli wurin ta ce har yanzu tana ganinta a ciki. Ta ɗaure da tsumma, ta ce kada in gaya wa 'ya'yanta.

Daga ranar ban sake jin waƙarta ba. Ranar Lahadi takan shirya yaran ta kai su, amma 'yarta ta gaya mini ba ta shiga, a waje take tsayawa jikin taga. Kuma duk ranar da mota ta zo sai ta ɗauki kwanoni biyu ta tafi, ta kwance tsumman, mai kanti ya nemi gefen mikin ya ɗiga. Ta ce wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi kuma, tunda an yi an yi, gara yara su ci.

Da ma a ce zan iya gaya maka abin ya yi amfani. Kaka ba ta ga sabon gero ba. Jaririn ya ɗan farfaɗo, nono ya ɗan dawo, har muka fara sa rai, sai gudawa ta kama shi, ya bi Kaka. Ba a daɗe ba aka fara gasa tumu a unguwa, ƙamshinsa ya cika ko'ina, turame suka dawo da ƙara. Duniya ba ta tashi ba. Kantin ma ya daina ɗiga tawada, aka jefar da kwalbar a bola, yara suka tsinta suna zane da ita a bango.

Bayan girbi aka yi wa mijin Mama canjin wurin aiki, zuwa wata jiha mai nisa. Ranar da za su tafi an ɗaure kaya a zaure, ta shigo yi wa Inna sallama. Mikin ya warke, ya bar wani farin tabo mai sheƙi a bayan hannun. Inna ta kama hannun tana kuka, ta ce ki yafe mana, kin ba da shi a banza, ga shi yaron bai tsaya ba. Mama ta ce ba a banza ba, ta ga ya ƙoshi ya yi barci, ko sau biyu ne ta gani. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce tana da roƙo ɗaya.

"Ku ma kun ce akwai ranar da za a tara kowa. In ranar ta zo, kunka ga an ware ni gehe saboda wanga, ku hwaɗa masu don mi na miƙa shi. Ke ba ki gani ba, amma yarinyar ga ta gani."

Ta ɗora hannun a kaina. Inna ta ce in Allah ya yarda. Ni a lokacin ban san ana tambayata ba ne. Ba mu sake jin labarinsu ba, ko lambar waya ba mu da ita a lokacin.

Yanzu ni ce mai 'ya'ya biyu. Gonar maigidana tana can wajen Kajiji, damina biyu ke nan ba a shiga ta ba saboda mutanen daji, shi kuma ya tafi neman abin da za mu ci, wani lokaci a same shi a waya, wani lokaci a'a. Kullen da Inna ta yi ni ban same shi ba, yunwa ta buɗe mana ƙofa, layin kanti yanzu duk mu ne, matasan mata da goyo. A layin na ji wata mai sayar da kayan miya, Kirista ce, tana gaya wa 'yar'uwarta cewa wannan karon kam ƙarshen ne, alamu sun cika. A masallacin unguwa ma abin da lasifika ke faɗa ke nan. Ni ban sani ba. Wancan karon ma an ce ƙarshen ne, sai ga shi waɗanda suka ƙare su ne Kaka da ɗan da ko suna bai gama zama a bakinmu ba, sauran duniya ta ci gaba da harkarta. In na kwanta yanzu ba tsagewar sama nake saurare ba. Numfashin yarana nake saurare.

Akwai maƙwabciyata da ta haihu kwanan nan, mijinta ma ba ya gari. Jiya da aka ɗiga mini a dama, bayan na dawo hayyacina, sai na miƙa hagu na ce wannan na mai jego ne. Mai kantin bai ko ɗago ya dube ni ba. Ya ce kowa ta zo da hannunta. Ba ni da cibiyar da na yanke masa, ba ni da abin da zan tuna masa. Na dawo na zazzage tiyar a faranti na raba biyu, na kai mata rabi. Na san ba zai ishe ta ba, mu ma ba zai ishe mu ba, kuma ba a san ranar da mota za ta sake zuwa ba.

Da yamma babbar 'yata ta zauna a cinyata, ta ga ɗigon. Ta lashi yatsanta tana goge mini, ta ce Inna kin yi datti. Na ce ta bari, zai fita da kansa. Nawa zai fita. Na Mama ne ban sani ba, ko tana raye, ko har yau a jikin taga take tsayawa ranar Lahadi. Inna, mahaifiyata, ta rasu bara, saura ni kaɗai a cikin waɗanda aka bar wa saƙon. Ni kuma yadda nake jin jikina kwanakin nan, na ga gara in faɗa tun yanzu, kada in jira ranar. Na gani da idona. Kwanonmu ne babu komai a ciki, shi ya sa ta miƙa.